Na sauya furosesa, kwamfuta ta koma ɗaukar zafi tana mutuwa: daga ina zan fara?

Tambaya daga wani mai tace bidiyon biki a Garwa: "Assalamu alaikum. Kwamfutar tebur gare ni mai madabod B450. Da Ryzen 3 2200G ce a kanta, na cire na sa Ryzen 7 5800X ta hannu, na kuma ƙara katin hoto GTX 1660 Super. Fankar tsohuwar furosesar da ƙarfenta na mayar, akwatin wutar ma ban canza ba, an rubuta 450W a jikinsa. Tana tashi lafiya, amma da na fara fitar da bidiyo sai zafi ya kai digiri 90, fanka ta yi ta ihu, can sai ta ɗauke ɗif kamar an zare waya. Wani lokaci kuma shuɗin allo take kawowa ko ba na aikin komai. Furosesar ce ta lalace?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa, sannu da aiki. Da wuya a ce furosesar ce, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Cikin duk kayan da ke cikin kwamfuta ita ta fi wuyar lalacewa, kuma wadda ta mutu galibi ko tashi ba ta barin kwamfuta ta yi. Taka tana tashi, tana shiga Windows, har ta kama aikin bidiyo. Saboda haka kada ka yi gaggawar komawa wurin mai kaya da faɗa.

Abubuwa uku ka lissafa kana ɗaukarsu ciwo ɗaya: zafi, ɗaukewa ɗif, da shuɗin allo. Kowannensu na iya zama da tushensa daban, kuma a ganina haka abin yake a wurinka. Dalili shi ne furosesar zamani ba ta zama zafi ya kashe ta. Iyakar da AMD, kamfanin da ya ƙera furosesar, ta yanka wa 5800X digiri 90 ne. Idan ta kai nan sai ta rage gudunta da wutar da take ja, ta tsaya a kan 90 ɗin tana aiki a hankali. Kwamfuta za ta yi nauyi, bidiyon da ya kamata ya fita da wuri ya ɗauki lokaci, amma ba za ta ɗauke ba. Kwamfuta ba ta kashe kanta saboda zafi sai an wuce wannan iyaka, kamar idan fanka ta tsaya cak ko ƙarfen bai zauna a kan furosesa ba sam. To ganin 90 kaɗai bai isa ya bayyana mutuwar ba. Zafin gaskiya ne kuma sai an magance shi, amma mai yiwuwa ba shi ke kashe ta ba.

Kafin ka kashe ko dala, yi wannan gwajin. Sauke HWiNFO64, manhajar da ke nuna zafin kayan cikin kwamfuta, ka buɗe sashen da ke nuna ma'aunai, ka sa ido a kan layin CPU (Tctl/Tdie). Sauke manhajar Cinebench, ka kunna gwajin da ke sa duk ƙwayoyin furosesa takwas (ƙananan sassanta masu yin lissafi) aiki, ka bar shi minti 10. Wannan gwajin furosesa kaɗai yake wahalarwa, katin hoto na hutawa. Idan ta manne a 90 amma ta kai ƙarshe ba ta mutu ba, sai ka maimaita tare da wani abu mai sa katin hoto aiki, ko wasan kwamfuta mai nauyi ko fitar da bidiyon naka. Idan a nan ne ta ɗauke, ka samu amsa: nauyin wuta ne ya yi wa akwatin wutar yawa, wato na'urar da ke cikin kwamfuta mai raba wa kayanta wuta. Za mu komo kansa.

Mu fara da zafin tunda shi ka fi gani. 2200G furosesa ce ta wat 65, kuma masanyayin da ke zuwa cikin kwalinta, Wraith Stealth, dunƙulen alminiyam ne ƙarami da fanka ɗaya, an yi shi daidai wannan nauyin. 5800X kuwa an rubuta mata wat 105, amma idan aiki ya yi aiki ana ba ta damar jan har wat 142. Fiye da ninki biyu ke nan na abin da aka ƙera masanyayin don shi. AMD ma ba ta sa masanyayi a kwalin 5800X, don ta san sai babba. Ka sa injin tirela ne ka bar lagireton ƙaramar mota. Wani ƙarin abu, ƙwayoyinta takwas duk a kan ɗan guntun siliki ɗaya suke, wanda bai fi farce girma ba, shi ya sa zafin ke taruwa wuri ɗaya, kuma an san ta da ɗumi ko da masanyayi mai kyau. Da kafin saye ka tambaye ni, da 5700X zan nuna maka: ƙwayoyi takwas ita ma, amma wat 65. Sai dai aikin gama ya gama.

Sannan ga garinmu. Masu gwada kayan nan a Turai da Amurka suna yi ne a ɗaki mai digiri 21 zuwa 23. Mu a Garwa, watan Maris da Afrilu, rana na kaiwa digiri 40 har ta wuce, shagon kwano kuwa da azahar ba a magana. Masanyayin iska ba ya ƙirƙirar sanyi, zafin furosesa kawai yake zubawa cikin iskar ɗaki. Duk digiri ɗaya da ɗaki ya ƙaru, kusan digiri ɗaya furosesa za ta ƙaru. Masanyayin da aka nuna a YouTube yana riƙe ta a 75, a shagonka zai iya kai ta 90 ba tare da an yi kuskuren komai ba. Don haka mu nan, da 'yan'uwa na Marwa da Kusseri da Injamena, mukan sayi wanda ya fi ƙarfin abin da takarda ta ce. Mutumin Ngaundere, da ke kan tudu, yana da ɗan sauƙi.

Abin da za ka nema shi ne masanyayi mai hasumiya, mai bututun tagulla da fanka ta milimita 120. Mai hasumiya biyu ya fi, irin su Thermalright Peerless Assassin 120 ko DeepCool AK620. Mai hasumiya ɗaya kamar AK400 ko Hyper 212 zai yi, in ka haɗa da rage wutar da zan faɗa nan gaba. Auna faɗin kes ɗinka, wato gidan kwamfutar, tukuna, don waɗannan tsayinsu santimita 15 zuwa 16 ne, kes da yawa na da ba sa rufuwa a kansu. Ka kuma tabbatar ƙarafan ɗaurin AM4, wato irin mazaunin furosesarka, na cikin kwalin, musamman in na hannu ne aka kawo daga Duwala ko Kano. Na ruwa kuwa ba na ba da shawararsa a nan, balle na hannu: famfonsa na mutuwa ba sallama, kuma ba ka san shekarar da ya yi yana aiki ba.

Yadda ake ɗaurawa shi ne inda mutane suka fi samun matsala, bari in tsaya a kai. Kunna kwamfutar ta yi minti kaɗan don tsohon man ya yi laushi, sannan ka kashe, ka zare waya daga bango. Kwance sukurorin kaɗan-kaɗan, ka murɗa ƙarfen hagu da dama a hankali kafin ka ɗaga. Kada ka fizge shi sama. A AM4 ƙafafun suna jikin furosesa ne, guda 1,331, sirara kamar gashi, kuma busasshen mai na iya manne ta da ƙarfen ta fito tare da shi alhali makullin na rufe. Haka ƙafafu ke lanƙwashewa. Goge tsohon man tas daga ɓangarorin biyu da alkol mai digiri 90 na kantin magani da ƙyalle mara gashi, ka bari ya bushe. Juya sabon masanyayin ka duba gindinsa: akwai 'yar leda mai haske manne a kai wadda ake ɓarewa. Na sha buɗe kwamfutar da aka kawo da kukan zafi in tarar da ledar nan zaune daram, man ya shafe ta har rubutun gargaɗin da ke jikinta ya ɓace. Sa man furosesa, wanda ke miƙa zafinta ga ƙarfen, kamar ƙwayar wake ƙarama a tsakiya, irin Arctic MX-4 ko makamancinsa, ka ɗora ƙarfen sau ɗaya, ka ɗaure sukurori a gicciye, wannan kusurwa sannan mai kallonta, zagaye biyu-biyu har su tsaya da kansu. In ka ɗaga don leƙawa, sai ka goge ka sake daga farko. Man goge baki da giris ɗin mota da ake cewa suna yi, ba sa yi. Wayar fankar kuma a kan CPU_FAN za ta shiga, ba wata kafar ba.

Idan ka cire tsohon ƙarfen, kalli shatin da man ya bari kafin ka goge. In ya bazu siriri ko'ina daidai, zaman ya yi kyau. In gefe ɗaya ya yi kauri ɗayan kuma fayau, ƙarfen a karkace yake, kuma wannan kaɗai na iya ƙara digiri masu yawa.

Kes ɗin ma sai iska ta ratsa shi: fanka ɗaya ko biyu a gaba masu shigo da iska, ɗaya a baya mai fitarwa. Ƙurar hunturu kan toshe haƙoran ƙarfen ta zama kamar auduga, to a hure da bulowa a waje, a riƙe fanka da yatsa kada ta yi ta juyawa a banza. Ɗauke kwamfutar daga ƙasa, kuma kada a cusa ta cikin durowar tebur.

Kafin masanyayin ya iso, akwai abin da za ka yi yau ba ko sisi. Shiga BIOS, wato shafin saitin madabod (babban allon da kayan kwamfuta ke zaune a kai) da ake shiga kafin Windows ya tashi, nemi Precision Boost Overdrive, ka zaɓi Eco Mode na wat 65. In madabod ɗinka bai nuna shi ba, manhajar Ryzen Master ta AMD tana da shi, ko ka sa PPT, wato iyakar wutar da furosesa ke ja, a 88 da hannunka. Furosesar za ta daina wuce wat 88 maimakon 142. Za ka rasa ɗan gudu a fitar da bidiyo, amma tsakaninta da 2200G har yanzu nisa ne mai yawa. Ni a lokacin bazara ko mai babban masanyayi nakan ce ya bar ta a haka. Wannan saiti kuma gwaji ne: in ɗaukewar ta tsaya bayan ka sa shi, ka san batun nauyin wuta ne.

Yanzu ga wanda na fi zargi da kashe maka kwamfuta, wato akwatin wuta. Mu yi lissafi. Furosesa wat 142, GTX 1660 Super wat 125, madabod da RAM da faifai da fankoki a ba su kamar 50. An haura 300. Da 2200G, wadda hotonta a cikinta yake ba kati, da wuya kwamfutar ta taɓa wuce wat 120 gaba ɗaya. Za ka ce ai 450 aka rubuta. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Buɗe kes, ka karanta takardar da ke manne a jikin akwatin, ka nemi inda aka rubuta +12V, a ƙarƙashinsa akwai adadin amfiya. Furosesa da katin hoto duk daga wannan layin suke sha. Ninka amfiyar da 12. In ka ga 18A, wat 216 ke nan, sauran lambar a layukan 5V da 3.3V take, waɗanda kwamfutar yau ba ta cika buƙata ba. Akwatin kirki mai 450 zai nuna 36A ko 37A a wurin. Ɗaga shi ma ka ji: marar suna, mai zuwa haɗe da kes, sakayau yake kamar babu komai a ciki. Ga shi zafi na rage masa ƙarfi, tsufa ma haka. Idan nauyi ya wuce abin da zai iya, ko dai kariyarsa ta yanke wuta nan take, ko layin 12 ya faɗi ƙasa da 11.4, wanda shi ne ƙarshen abin da ƙa'idar ATX ta yarda da shi, kwamfuta ta ɗauke. Babu shuɗin allo, babu saƙo, kamar yadda ka kwatanta.

Windows na rubuta irin wannan a rajistarsa. Buɗe Event Viewer, wato shafin duba rajistar, in Windows ɗinka na Faransanci ne za ka gan shi da sunan Observateur d'événements, ka duba sashen System. Za ka ga Kernel-Power mai lamba 41. Kada ka ɗauke shi a matsayin sunan cutar, abin da yake cewa kawai kwamfuta ta mutu ba a rufe ta ba. Amfaninsa yana cikin bayanan da ke ƙasa: in BugcheckCode sifili ne, yawanci wuta ce ta yanke kafin Windows ya samu damar cewa uffan. In da wata lamba, shuɗin allo ne ya faru.

Maganin shi ne akwatin wuta na wat 550 zuwa 650 daga kamfanin da aka sani, irin su Seasonic, Corsair ko be quiet!, mai shaidar 80 Plus Bronze zuwa sama. In da hali ari na wani ka gwada kafin ka saya. Duba kuma wayar furosesa mai baki 8 da ke saman madabod: tsofaffin akwatuna da yawa mai baki 4 kawai gare su, wanda ya ishi 2200G amma ya yi wa wannan kaɗan. Tura ta har ka ji ƙas. In ka ga robar bakin ta yi ruwan ƙasa ko tana warin ƙuna, kada ka sake kunnawa sai an canza.

Wutar bango ma tana da hannu. Kowa ya san yadda takan yi ƙasa da yamma idan unguwa ta kunna fankoki da firji, ko idan an koma kan janareta. Akwatin da da yake ɗaukar rabin nauyi yana shanye wannan, yanzu da yake kan iyakarsa ba zai shanye ba. In kana da UPS, wanda muka fi sani da onduleur, duba ƙarfinsa. Mai 650VA galibi wat 360 zuwa 390 yake iya bayarwa, ga allo ma a kansa. Shi kansa zai iya zama mai yankewar. Gwada sau ɗaya kai tsaye a bango lokacin da wuta ke tsaye, in ba ta mutu ba ka nemi mai 1000VA zuwa sama.

Akwai kuma sashen madabod da ke sauko da wutar 12 zuwa ɗan abin da furosesa ke sha, ana ce masa VRM, wato ƙananan baƙaƙen abubuwan nan da ke jere a gefen mazaunin furosesa. B450 masu araha wasu ba su da ƙarfen sanyaya a kansu, kuma masanyayi mai hasumiya ba ya hura musu iska kamar yadda ƙaramin ke yi. In HWiNFO ya nuna zafinsu na haura 100, ɗaura ƙaramar fanka ta fuskance su, ka bar Eco Mode a kunne.

Saura shuɗin allo, mai zuwa ko ba ka aiki. Wannan ba zafi ba ne, tunda furosesa na hutawa. A nan BIOS da RAM, wato sandunan ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, nake dubawa. B450 ya fito a 2018, 5800X kuma sai Nuwamba 2020, don haka sai da sabon BIOS madabod ɗin ya san ta. Naka ya tashi, ma'ana an taɓa sabunta shi, amma na farko-farkon da suka fito da goyon bayan Ryzen 5000 ba su gama nuna ba. Je shafin kamfanin madabod ɗinka, nemi ainihin samfurinka harafi da harafi, ka sauke na ƙarshe, aƙalla wanda bayaninsa ya nuna lambar AGESA 1.2.0.7. Gargaɗi biyu. Kada ka sabunta BIOS sai kan UPS mai cikakken caji, don in wuta ta ɗauke a tsakiya madabod na iya zama gawa. Na biyu, wasu madabod idan suka karɓi sabon BIOS sukan daina gane wasu tsofaffin furosesa, to karanta bayanin kafin ka dogara da cewa za ka iya mayar da tsohuwar.

Bayan nan share saitin BIOS gaba ɗaya. Zare waya, cire batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ka jira minti biyar, ka mayar, ka zaɓi saitin asali. Saitin da aka yi wa tsohuwar furosesa, musamman na RAM, yakan zauna ya rikita sabuwa. In allo ya tambaye ka game da fTPM, wato ma'ajiyar makullan tsaro da ke cikin furosesa, yana cewa ka danna Y, dakata: in kana amfani da BitLocker, makullin faifai na Windows, tabbatar kana da lambar buɗewa a rubuce, in ba haka ba bidiyon mutane zai kulle a faifai. Sannan ka sa direban chipset, manhajar da ke haɗa Windows da madabod, daga shafin AMD.

RAM kuwa, na'urar da ke sarrafa shi a cikin furosesa take, shi ya sa sauya furosesa ke iya tono matsalar da da ba ta bayyana. Kashe XMP a BIOS, wato saitin da ke ƙara wa RAM gudu, wanda kamfanin Asus ke kira DOCP, ka bar shi a gudunsa na asali kwana biyu. In shuɗin allon ya daina, ka gano. Abin da AMD ta lamunce wa 5800X shi ne DDR4-3200, abin da ya haura nan sa'a ce. In sanda biyu gare ka, ramuka na biyu da na huɗu daga furosesa ake sa su, A2 da B2. In kuma kamfani daban-daban ne ko gudu daban-daban, kamar yadda aka saba haɗawa a kasuwa, gwada ɗaya-ɗaya. Sa MemTest86, manhajar gwada RAM, a filasha ka bar shi ya kwana yana zagaye huɗu. Kuskure ko ɗaya ne, akwai matsala.

Rubuta sunan da shuɗin allon ke nunawa, ko ka ɗauke shi da waya. MEMORY_MANAGEMENT da IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL sun fi nuna RAM ko direba. WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR da CLOCK_WATCHDOG_TIMEOUT sun fi kusa da furosesa da wutar da take samu. In tana mutuwa ne daidai lokacin da take zaune shiru, nemi Power Supply Idle Control a BIOS ka mayar da shi Typical Current Idle, don wasu tsofaffin akwatunan wuta ba sa jure saukar nauyi ƙasa sosai.

Tunda ta hannu ka saya, lokacin da ka cire masanyayi ɗaga furosesar ka haska ƙafafunta da fitilar waya daga gefe, layi-layi. Ƙafa ɗaya da ta kwanta na iya kashe ramin RAM guda ko ta riƙa kawo shuɗin allo jefi-jefi. Ana miƙar da ita da bakin allura ko siririn kati, amma sau ɗaya ko biyu take jure lanƙwasa kafin ta karye, in hannunka na rawa kai wa mai gyaran waya da ke da madubin ƙara girma.

Duk wannan, abu ɗaya za ka riƙa canzawa sannan ka gwada. In ka sauya mai da akwatin wuta da BIOS rana ɗaya, ko ta gyaru ba ka san me ya gyara ta ba, in ta ƙara lalacewa kuma gyaran gangar Auzinawa ke nan. Fara da na kyauta: Eco Mode, share BIOS, kashe XMP. Sai masanyayi da akwatin wuta, waɗanda ko yaya gwajin ya nuna ina ganin sai ka saye su. Sai an yi duk wannan, a saitin asali, da akwatin wuta mai kyau, RAM ya ci gwaji, amma Event Viewer na ci gaba da nuna WHEA-Logger mai lamba 18, sannan za a tuhumi furosesar. A lokacin ma a ɗora ta a wani madabod na AM4 a gani, in ta maimaita halinta can sai ka mayar wa mai ita da hujja a hannu.

In ka gwada ba ta daina ba, turo mini hoton takardar jikin akwatin wutar, da cikakken sunan madabod ɗin, da hoton HWiNFO bayan minti 10 na Cinebench.